Shin Rubuta Labarin Yaƙin Basasa Fama Tsohon Miki Ne?

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanenmu, malaman zaure da 'yan boko da dattawan gari baki ɗaya, duk lokacin da aka ambaci ƙagaggen labarin da aka gina a kan yaƙin basasa. Cewa suke yi aikin banza ne, in ma bai zama aikin ɓarna ba. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, tarihi amana ne, wanda ya cakuɗa shi da ƙage ya ha'inci matattu ya kuma ruɗa masu rai. Ta biyu, faɗan 'yan'uwa ba abin tonowa ba ne. An yi, an gama, an yafi juna, an haɗa aure, jikoki sun zama ɗaya. Mai ɗaukar alƙalami ya koma can fama tsohon miki kawai yake yi. A bar kaza cikin gashinta, in ji su.

Ban ɗauki masu wannan ra'ayi a matsayin masu tsoron gaskiya ba. Yawancinsu sun fi ni shekaru, sun fi ni sanin abin da harshe ke haifarwa. Kuma a ƙasar Gumel maganarsu na da nauyi na musamman. Ƙananan hukumomi huɗu ne, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, amma masarauta ɗaya ce, kuma in ka bi salsala kusan gida ɗaya ne. Sunan da marubuci zai ambata a shafi na goma, jikan mai sunan na iya zama hakimi, ko limamin unguwarsa, ko surukin yayansa. Wanda ya ce a yi hattara ya faɗi gaskiya. Inda na rabu da su, tare da neman afuwa, shi ne inda suka ce kada a rubuta sam.

Mu fara da gida. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma ne, wanda a lokacinsa aka baro Tumbi aka dawo da fada inda take a yau. Barth ya tarar da gari cike da mutane da hada-hada, ya kuma rubuta cewa Gumel babbar matattara ce ta cinikin kanwa, wadda ake ɗaukowa daga wajajen Muniyo da Borno a yi kudu da ita har ƙasar Nufe. A ƙarshen 1854 ya sake biyowa ta nan bayan ya dawo daga Tambutu, sai ya iske gari ya yi kufai-kufai. Ɗan Tanoma ya rasu, rikicin gadon sarauta ya ɓarke tsakanin 'yan gida ɗaya, wuta ta ci, jama'a sun watse. Duk wanda ya duba jerin sarakunan Gumel zai ga alamar abin a sarari, domin sunan Sarki Ceri ya fito sau biyu: ya hau, ya sauka, ya sake hawa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba Gumel kaɗai ba ce a shekarun nan. A Borno, wadda Gumel ke kai wa gaisuwa, Abdurrahman ya tumɓuke ɗan'uwansa Shehu Umar a 1853, Umar ya ƙwato gadonsa a 1854. A Damagaram, Ibrahim da Tanimu sun yi ta karɓe-karɓen mulki kafin ya zauna a hannun Tanimu. A Haɗeja, Buhari ya bijire wa Sakkwato, ya ƙwace sarauta daga ɗan'uwansa Ahmadu, ya riƙe ta da ƙarfin takobi har ya rasu a 1863. Gabas da arewa da kudu maso gabas, ko'ina ɗan'uwa ne ke fuskantar ɗan'uwansa, ga Gumel a tsakiya tana nata. Ina son mai karatu ya tambayi kansa: a cikin ɗaliban sakandare na Gumel ko Sule Tankarkar, mutum nawa ne suka taɓa jin wannan labari? Shirun da ake cewa shi ne zaman lafiya, abin da ya haifar shi ne mutane ba su san ƙasar da suke takawa ba.

Za a ce to ai ga littattafan tarihi nan, a karanta su mana, me ya kawo ƙage? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Tarihin da muka gada, na fada da na Turawa, ya san sarki, ya san shekarar da ya hau da wadda ya sauka, ya san sunan filin daga. Ya gaya mana an yi yaƙi da Haɗeja har Sarki Abdullahi ya faɗi a Zaburan a 1872, ya gaya mana Sarki Ahmadu ya bi Turawan Ingila a 1903. Bai san matar da ke sayar da fura a bakin kasuwar kanwa ba ranar da aka ce mahaya sun doso gari. Bai san yadda bafatake ya yanke shawara ba, ga takarkarai ɗauke da kaya, ga labari ya zo cewa hanyar gabas ta rufe, ga bashin mutane a wuyansa. Bai san abin da uwa ta ce wa ɗanta ba da dare, alhali mijinta na bayan wannan ɗan sarki, ƙanenta kuma na bayan wancan. Waɗannan mutane sun rayu, babu shakka, domin gari ba ya cika da sarakuna kaɗai. Sai dai ba wanda ya rubuta sunansu. Masanin tarihi mai gaskiya dole ya tsaya inda takarda da ruwaya suka tsaya, kuma daidai ne ya tsaya. Marubucin labari shi ke da izinin shiga ɗakin da aka rufe, ya ce: bisa duk abin da aka tabbatar, ga yadda daren nan zai iya kasancewa. Abin da ke jan mutane zuwa irin waɗannan littattafai ke nan a duk duniya. Mai karatu na son ya san yadda abin ya ji a jiki, kuma yana son ya tambayi kansa a ɓoye, da ni ne, ɓangaren wa zan bi?

Sai batun ƙarya, wanda ya fi damun malamanmu. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba da nufin a ɗauka ya faru. Wanda ya rubuta a bangon littafinsa cewa ƙagaggen labari ne ya riga ya yi yarjejeniya da mai karatu tun kafin a buɗe shafin farko. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a adabinmu, da shi ma aka fara. A gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, biyu daga cikin littattafan da suka fito a kan tarihi suka jingina. Malam Muhammadu Bello Kagara ya ɗora Ganɗoki a kan zuwan Turawa da yaƙe-yaƙen Kwantagora da Bida, kafin ya wuce da shi duniyar aljanu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar a kan zamanin bauta. Shaihu Umar na cikin littafin bai taɓa rayuwa ba, amma uwar nan da ta bi sawun ɗanta har ta ƙetare Sahara ta koya wa ɗalibai da yawa abin da cinikin bayi yake nufi fiye da abin da jadawalin shekaru zai koya musu. Ban taɓa jin wani ya kira Tafawa Ɓalewa maƙaryaci saboda wannan littafi ba. A makaranta ma aka sa mu karanta shi.

Maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka sun riga mu a wannan fage. André Salifou, ɗan Zinder, masanin tarihi ne na sosai, shi ya rubuta littafin bincike a kan Damagaram ta ƙarni na 19 wanda ya fito a 1971. Bai ga aibi ba ya juya ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimu. Abdoulaye Mamani kuma ya rubuta labarin Sarauniya ta Lugu da karonta da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Littafin ya fito a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, kuma ta nan ne sunan Sarauniya ya fita duniya. Damagaram ɗin da Salifou ya yi rubutu a kanta ita ce ta sha kawo wa Gumel hari. Su sun rubuta nasu, an karanta, an kalla. Namu ɓangaren labarin yana nan a bakin tsofaffi, yana raguwa duk shekara.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a nan na yarda da rabin maganar dattawa. Abin da nake karewa shi ne labarin da aka yi wa bincike, ba wanda aka zauna a ɗaki aka zuba son rai ba. Binciken ma ba na sunayen sarakuna kaɗai ba. Wanda zai rubuta Gumel ta 1854 dole ya san cewa a lokacin babu iyakar da ta raba Maigatari da ƙasar Damagaram irin ta yau, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, har Tumbi, tsohon mazaunin sarauta, ya faɗa ɓangaren Nijar. Dole ya san da wuri ake ciniki, ya san nawa mutum zai iya ɗauka a buhu. Ya san bambancin sulke da lifidi, ya san wane ne ke iya mallakar doki da wanda ke tafiya a ƙasa da baka da kwari. Ya san lokacin da ake kai hari, domin ba a cika fita yaƙi ana tsakiyar noma ba, kuma ƙona rumbu bayan kaka ya fi kisa ciwo. Kada ya sa jaruminsa ya ji kukan jirgin ƙasa a Gagarawa, alhali layin dogo na Kano zuwa Nguru sai wajen 1930 ya kammala. Ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya tsaya a kara, ya ji yadda dillali ke sa baki tsakanin mai raƙumi da mai saye, yadda ake taya, yadda ake cewa albarka, yadda Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci ke cakuɗuwa a wuri ɗaya. Motoci da wayoyi sababbi ne, amma salon cinikin tsoho ne, kuma kunnen marubuci zai tsinci abin da ba ya cikin kowane kundi. Masanin tarihi ne ke ba da tubali, marubucin labari yaɓe kawai yake yi, kuma ba shi da ikon matsar da bango daga inda aka kafa shi.

Wanda ya yi wannan wahala, da wuya ya fito da littafin ɓatanci. Bincike na kashe son kai. Ka shiga da niyyar wanke kakanka, sai ka iske ruwayar ɗaya gidan ita ma tana da ƙafafu.

Wannan ya kawo ni ga hujja ta biyu, ta fama miki. Masu ita suna ɗauka cewa in marubuta sun yi shiru, maganar ta mutu. Ba ta mutu ba. Tana nan cikin kirari, cikin bakin maroƙa ranar hawan salla, cikin habaicin da kishiya ke yi wa kishiya a kan asalin gidansu, cikin abin da kaka ke raɗa wa jika. Duk waɗannan kuwa ɓangare ɗaya suke faɗa. Aikin kirari ne ya ɗaga gida ɗaya, ba a taɓa yin kirarin da ya yi wa abokin gaba adalci ba, kuma ba laifinsa ba ne, haka aka gina shi. Dubi basasar Kano. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai a bayan Yusufu. Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Adamu Fika ya yi littafin bincike a kai a 1978, da Turanci, kuma yawanci a jami'a ake karanta shi. Abin da ya isa kunnen talaka shi ne labarin waɗanda suka ci nasara. Batukure, wato mabiyin Tukur, da ya rasa gida da gona saboda ya tsaya a kan mubaya'ar da yake ganin ita ce halal, wa ya taɓa ba shi baki? Labari mai kyau ba ya tsayuwa sai marubuci ya shiga zuciyar Bayusufe ya kuma shiga ta Batukure, ya sa mai karatu ya ji tsoron kowannensu da dalilinsa. Ban san wani nau'in magana da ke tilasta wa mutum wannan adalci kamar ƙagaggen labari ba.

Yanzu ga babban misali, wanda ya fi kusa da mu a zamani. Yaƙin basasar Nijeriya ya fara ranar 6 ga Yuli 1967, ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970. Janar Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, aka rufe babi. 'Yan kudu ba su rufe alƙalaminsu ba. Chukwuemeka Ike ya fitar da Sunset at Dawn a 1976, Isidore Okpewho ya fitar da The Last Duty a shekarar, Buchi Emecheta ta yi Destination Biafra a 1982, Ken Saro-Wiwa ya yi Sozaboy a 1985, Festus Iyayi ya yi Heroes a 1986. Sannan Chimamanda Adichie, wadda aka haifa a 1977, shekara bakwai bayan an ajiye makamai, ta yi ta tambayar iyaye da dangi, ta karanta abin da aka rubuta, ta fitar da Half of a Yellow Sun a 2006. Ya ci babbar kyauta a Ingila a 2007, an fassara shi zuwa harsuna da dama, an yi fim ɗinsa a 2013. Yau in ɗalibi a Amurka ko Indiya ya san wani abu game da yaƙin nan, mai yiwuwa daga wannan littafi ya sani.

Na sha jin 'yan Arewa masu karatu suna ƙorafi cewa a irin waɗannan littattafai ba a cika ganinmu ba sai da wuƙa a hannu. Ƙorafin na da tushe. To amma wa ya hana mu? Chimamanda ta rubuta abin da gidansu ya gani, kuma kisan da aka yi wa Inyamurai a biranen Arewa a 1966 ya faru, ba ita ta ƙaga ba. Abin da babu a kan kanta shi ne littafin da zai nuna safiyar 15 ga Janairu 1966 a wani gida a Gumel, lokacin da labari ya iso cewa an kashe Sardauna, daga baya aka tabbatar da na Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari. Babu littafin saurayin da ya bar gonar gero a Gagarawa ya hau jirgi zuwa Kano ya shiga soja, bai taɓa ganin kurmi ba, bai taɓa ganin ruwa mai faɗin Kwara ba, aka ba shi horon 'yan makonni aka tura shi. Babu na maƙwabcin da ya ɓoye baƙonsa a ɗaka har ƙura ta lafa, kuma an yi irinsu. Mawaƙanmu sun yi nasu a lokacin, Shata da Aƙilu Aliyu da sauransu sun ƙarfafa wa soja gwiwa, amma waƙar yaƙi aikinta zuga ne. A zube kuwa, abin da ya fi fitowa fili shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, wanda ya taɓo abin da yaƙin ya bari na makamai da mutanen da suka saba da su. Marubutanmu na zamani sun cika kasuwa da ɗaruruwan littattafai, Allah ya ƙara basira, amma wannan fili sun bar shi fayau.

Kada kuma a ɗauka ina kiran a rubuta littafin ramuwa. Ɗan Arewan da zai rubuta yaƙin nan da gaskiya dole ya kalli abin da ya faru a Kano a 1966 ido da ido, ya kalli kisan Asaba na Oktoban 1967, ya kalli yaran da yunwa ta kashe a yankin Biyafara. In ya tsallake waɗannan ya zama maroƙi, kuma ya ba dattawan da nake wa raddi gaskiya. Akwai ma iyakar da nake ganin ya wajaba a kiyaye, musamman a ƙaramar ƙasa irin tamu. Mutumin da ya rayu da gaske, sarki ne ko bafade ko hafsan soja, kada a ɗora masa abin kunyar da ba a tabbatar ba, kada a sa masa a baki maganar da za ta zubar da mutuncin zuriyarsa. A bar shi a inda tarihi ya ajiye shi, a hango shi daga nesa. Nauyin labarin a ɗora shi a kan mutanen da marubuci ya ƙaga, mai fura da bafatake da ɗan soja, waɗanda ba su da jikan da zai ji ciwo.

Wani abin da masu cewa a yi shiru ba su lissafa ba shi ne zamani ya canja. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka shafe fiye da shekara goma kafin a dawo da shi. Yaran da suka tashi a tsakanin nan ba su zauna babu labari ba. Sun samo shi a Facebook da TikTok, guntu-guntu, daga bakin wanda ya fi kowa zafin kai, da hoton da ba a san inda aka ɗauko shi ba. Kazar da ake cewa a bari cikin gashinta, an riga an fige ta a waya. Zaɓin da ya rage shi ne tsakanin labarin da aka yi shekaru ana bincikensa da wanda aka harhaɗa cikin minti biyu don a tara mabiya.

Kayan aikin kuwa suna nan. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna na riƙe da rahotannin Turawan mulki a kan lardin Kano, wanda Gumel ke ciki a da. Arewa House na nan, Gidan Ɗan Hausa na nan a Kano, tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun yaƙi suna nan ga mai haƙurin nema. Littafin tafiye-tafiyen Barth yana intanet kyauta. Abin da ba ya jira shi ne mutane. Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967 yanzu yana bakin 80. Ina roƙon malaman Hausa da na tarihi a Kwalejin Ilimi ta Gumel, da marubutanmu maza da mata na ƙananan hukumomin nan huɗu, su nemi 'yan mazan jiyan da suka rage da matan da suka jira su, su gaishe su yadda ya kamata, su nemi izini, su naɗi muryarsu a waya. Dattawan da ke tsoron abin da za a rubuta kuma, Allah ya ƙara muku lafiya, ku ne kuka fi kowa sanin inda marubuci zai yi kuskure. Ku buɗe masa zaure ku gyara masa tun littafin bai fita ba.